Yatsan Ƙafar Surukin Habsatou

Habsatou ba ta taɓa cewa tana son waƙa ba. In aka tambaye ta abin da ya kai ta ƙungiyar mawaƙan gari, wadda mutanen Malanville ke kira kwaral, sai ta ce zafin murhu ne ya koro ta daga gida, ɗakin da suke koyo kuma akwai fanka. Ƙarya take yi. Fankar ta mutu tun kafin ta shiga.

A Madécali aka haife ta, gidan manoman shinkafa. Tana shekara goma sha biyu ta riga ta fi duk 'yan matan ƙauyen iya lugude. Su huɗu a kan turmi ɗaya, kowace da taɓaryarta, wannan ta sauke waccan ta ɗaga, ba mai kallon wata, kunne ne kawai ke aiki. Habsatou kan cilla tata sama, ta tafa sau biyu, ta cafe, ta sauke ta daidai gurbin da aka bar mata. Ƙawarta Sabuwa ce kaɗai ke iya bin ta ba tare da taɓare sun gwabzu ba.

Ta auri wani dillalin albasa ta dawo Malanville. Ta haifi huɗu. Injin casa ya zo gari, turminta ya koma kujerar baƙi a gindin darbejiya. Da mijin ya rasu ta kama sana'ar turara shinkafa: a jiƙa, a turara, a shanya, a kai inji, a kai kasuwa. Aikin mutum ɗaya ne, daga kai sai hayaƙi. Ba wanda ya taɓa tambayar ta ko tana kewar wani abu, ita ma ba ta tambayi kanta ba.

Katangar gidanta ɗaya ce da ta gidan matasa. Duk Laraba da Asabar bayan la'asar, mutum kamar talatin ke taruwa a can: ma'aikatan duwan, wato kwastan, ungozomomin likita, malaman lakwal masu koyar da boko, tela biyu, 'yan kabu-kabu uku masu barin baburansu a bakin ƙofa. Akwai Kirista akwai Musulmi, ba wanda ake biya. Jagoransu Metir Dosu ne, wato Malam Dosu, wani malamin lakwal ɗan kudu mai ƙaramar sanda fara. Suna rera waƙoƙin ibada na coci da na tsofaffin Turawan da suka mutu shekara ɗari biyu ko uku da suka wuce, sau biyu a shekara kuma su yi wa gari wasa.

Da farko Habsatou hayaniya kawai take ji. Sai wata Laraba, tana durƙushe tana baza shinkafa a tabarma, ta ji mata masu siririyar murya sun fara, wasu matan sun shigo a bayansu, maza sun faɗo ta inda aka bar musu, kowa na tafiyarsa dabam amma ba mai taka wani. Hannunta ya tsaya cikin shinkafar.

"Wanga ai lugude na," ta ce wa kajinta.

Shekara uku tana saurare ta katanga. Ba ta san ta haddace sashen alto ba, wato matan da muryarsu ke ƙasa, sai ranar da suka kuskure wurin shiga sau huɗu a jere. A na biyar haƙurinta ya ƙare, ta shigar musu da ƙarfi daga bakin murhu. Ɗakin ya yi tsit. Can sai ga Metir Dosu a ƙofar gida yana sallama, sandarsa a hammata.

Ta kafa sharaɗi biyu. Za a gaya mata ma'anar kowace kalma. Inda roƙon jinƙai ne ko godiya ga Ubangiji za ta buɗe baki, inda bai dace da addininta ba za ta rufe leɓe ta bi da hanci. Na biyu, sai da Sabuwa, wadda ita ma aure ya kawo ta gari tana sayar da soyayyen kifi kusa da gada. Takardar waƙa kuwa, mai ɗigo-ɗigo kamar ƙuda sun sauka a igiyar shanya, fifita Habsatou ta riƙa yi da ita.

A cikin maza akwai wani matashin malamin lakwal, Abdurazak, mataimakin Metir Dosu. Labarin da gari ya sani shi ne ya ga Rauda, 'yar farin Habsatou, ranar da ta kawo wa uwarta ruwan sha, ya kamu. Haka ne. Abin da ba a lura ba shi ne akwai randa cike a ɗakin, kuma duk Asabar sai an aiko Rauda da ruwa, an ce mata ta biyo ta ƙofar da ke gefen maza. Da kunne Habsatou ta zaɓi suruki. Ta lura yaron na da muryar da za ta iya danne kowa, amma kullum sai ya rage ta don na kusa da shi ya fito. Ta yanke cewa irin wannan ba zai yi wa mace tsawa a gida ba.

Bayan biki ba abin da ya canza. Shi yana can baya ta dama, ita tana gaba ta hagu, tsakaninsu kawuna ashirin. Ba ta faɗin sunansa, ba ta cin abinci a gabansa, ba ta haɗa ido da shi, kamar yadda kowace surukuwa mai mutunci ke yi. Kwaral bai taɓa jin nauyin wannan ba.

Sai aka yi wa Metir Dosu canjin wurin aiki zuwa kudu, saura wata biyu wasan bikin 'yancin kai na ɗaya ga Agusta. Ranar ban kwana ya ɗora farar sandar a tafin Abdurazak, kowa ya tafa. Habsatou ma ta tafa, sau uku, kafin ta gane abin da take tafa wa.

Laraba ta zo. Abdurazak ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya tako ya durƙusa gabanta.

"Inna, mun same ku lahiya?"

"Lahiya lau," ta amsa wa bango.

Ya hau akwatin da jagora ke tsayawa, taku biyu daga inda take. Ya ɗaga sanda wajen masu siririyar murya, suka shiga. Ya juya wajen maza, suka shiga. Da ya zo kan alto sai hannun ya mutu, sandar ta nuna ƙasa. Yaya za a yi ya nuna uwar matarsa da sanda? Ita kuma idonta na kan siminti. Matan alto shida, da suka saba bin ta shekara shida, suka bi ta, ba su bi shi ba.

A ƙananan waƙoƙi an lallaɓa. Matsalar tana babbar waƙar rufewa. Kalma ɗaya ce tak a cikinta, Amin, muryoyi huɗu na bin juna da ita shafi bayan shafi, har a ƙarshe su haɗu su riƙe sauti ɗaya, ba mai saki sai sanda ta yanke. Nan ba ƙidaya, ba sabo, sai ido. Karon farko alto suka saki da wuri. Karo na biyu kowa ya yi shiru, Habsatou ta ci gaba ita kaɗai, ƙatuwar muryarta na zagaya ɗakin kamar akuyar da ta ɓace wa garke.

Shef Agosu, shi ma ɗan kudu, babba a duwan kuma shugaban ƙungiyar, mutum ne mai son doka ko a waƙa. Ya share gumi ya ce, "Mama, magana ɗaya. Wanda bai duba sanda ba, ba ya tsayawa ranar wasa. Sati biyu na ba ki."

"Shef, surukinta na," in ji Sabuwa.

"A nan ba suruki. A nan Metir."

"Can kudu haka kuke? Shi ya sa ruwa ke cin garinku kullum."

Aka yi dariya, amma Shef bai janye ba.

Duk unguwa ta ce kunya ce, aka yaba mata. Kunyar tana nan, gaskiya ne, amma ba ita kaɗai ba ce. Metir Dosu ma Habsatou ba ta cika kallonsa ba. Ta kan ɗaga ido ne don ta ba shi girmansa. A ganinta ita ke riƙe da tsakiyar waƙa, kamar yadda ta riƙe tsakiyar turmi a Madécali. Ta ɗaga ido yanzu ta jira izinin yaron da ita ta tsamo da kunnenta daga layin baya? Kunya ta zo mata a kan gaɓa, ta yafa ta ta rufe girman kai. Sai dai a ƙarƙashin duka biyun akwai tsoro. In aka cire ta, Laraba za ta same ta a bakin murhu, tana jin gurbinta a buɗe ta bayan katanga.

Abdurazak ma ba tsarkakakke ba ne. Da Shef ya yi maganarsa, wani sanyi ya ratsa shi, ya ji kunyar sanyin. Ya gwada wa matarsa zancen a fakaice, cewa ko Inna za ta huta bana, shekaru sun fara ja.

Rauda ba ta ɗago daga tsintar wake ba. "In ta huta saboda kai, kai ma ka huta da tuwon gidan ga. Akwai masu abinci a tasha."

Asabar ta biyu aka tsaya shan ruwa. Habsatou, tana kallon taga, ta ce, "Sabuwa, ki ce ma mai sanda yana gudu a shafi na ukku."

Abdurazak na tsaye kusa har yana jin ƙanshin hayaƙin zanenta. Sabuwa ta juya gare shi da fuskar manzo. "An ce kana gudu."

"Ki ce ma Inna na ji, na gode. Ki ce ko za su taimaka su ɗan dubi hannuna a ƙarshe, ko da wutsiyar ido."

"Tsohuwa, an ce ki duba."

"Ki ce mishi sandar nan tashi maƙaryaciya ta. Rawa takai. Yatsan ƙahwa tai ya hi ta gaskiya."

Sabuwa ta buɗe baki za ta isar, ta tsaya. "Wane yatsa kuma?"

Ashe tun ranar farko, da yake ba takalmi yake hawa akwatin saboda ita, idon Habsatou da ke ƙasa ya faɗa kan babban yatsan ƙafarsa ta dama. Yatsan na ɗagawa yana sauka, daidai, ba gaggawa ba tsoro. In aka zo wurin riƙewa sai ya miƙe sama ya tsaya. In za a saki ya faɗi. Mai yatsan bai san yana yi ba. Ta daɗe da gani, ta ƙi bi, don bin yatsa ma ai bi ne. Wa'adin Shef ne ya sa ta sauko.

Aka sake ɗaukar Amin. Alto suka shiga kamar an zare wuƙa daga kube, suka saki tare da kowa. Shef Agosu ya gyaɗa kai, ya ɗauka tsoronsa ne ya yi aiki. 'Yan kabu-kabu suka gano sirrin, suka riƙa gaida Abdurazak a hanya da "Metir, ina kwanan yatsa?"

Ranar ɗaya ga Agusta an yi ruwa da safe, gari ya yi sanyi, kogi ya cika har yana lasar ƙafafun gada. Bayan la'asar ɗakin ya cika maƙil: magajin gari da mutanensa a gaba, jandarmomi, baƙi daga Gaya ta tsallaken kogi, 'yan kasuwar albasa da suka zo don matar marigayi abokinsu, matan turara shinkafa a baya da goyonsu. Mawaƙa suka jeru cikin atamfa iri ɗaya, shuɗiya mai zanen kifi. Habsatou ta gyara ɗaurinta, ta sauke ido inda ta saba.

Abin da ya hau akwatin takalma ne. Baƙaƙe, masu tsinin baki, suna sheƙi har tana ganin kwanon rufi a cikinsu. Shef Agosu ne ya kawo su daga Kwatano, ya ce jagora ba ya tsayawa gaban hukuma kamar mai shiga gona.

"Ƙawa, an rufe miki liman," Sabuwa ta raɗa mata.

Da Abdurazak ya ga dama, da ya ƙi takalman. Ya karɓa ne don yana so. Sau ɗaya a rayuwarsa yana son ya tsaya gaban garinsu cikin kwat da takalmi, a matsayin Metir, ba mijin Rauda ba, ba surukin kowa ba. Kuma ya ji daɗin. Waƙa ta farko ya ji kansa dogo. Ta biyu ma haka.

A ta uku ya fara jin ramin. Habsatou ba ta yi fushi ba, ba ta fita ba. Leɓenta na motsi, sauti ne babu. Ta gwammace ta yi shiru da ta ɓata wa mutane waƙa a gaban baƙin Gaya. Matan alto, da suka rasa abin jingina, suka sirance kamar kunun da aka tsinka da ruwa. Masu sauraro ba su gane ba, sun tafa. Shi ya gane. Duk abin da ya ɗora a sama yana jin ba abin da ke tallafe da shi a ƙasa.

Saura Amin. Ya ɗaga sanda, ya riƙe ta a sama, ya sauke. Ya sauko daga akwatin. Ya sunkuya ya kwance igiyar takalmin dama, ya kwance ta hagu, ya cire safa, ya jera su gefe. Sannan ya durƙusa a gaban layin farko, cikin kwat, gaban magajin gari.

"Inna, mun same ku lahiya?"

"Lahiya lau," ta ce wa kafaɗar Sabuwa.

'Yan kudu da ke gaba suka dubi juna, wani ya ce wataƙila haka ake yi yanzu a Turai. Daga baya kuwa, inda matan shinkafa suke, wata ta rangaɗa guɗa, saura suka karɓa. 'Yan albasa suna ta "madalla, ɗa na gari". Shef Agosu ya dubi takalmansa marayu a ƙasa.

Yatsa ya ɗaga, ya sauka. Masu siririyar murya suka fara. Habsatou ta ƙirga gurbinta a kafaɗa, ta faɗa ciki, matan shida suka biyo ta, maza suka shigo ta ƙasa. Kalma ɗaya ta yi ta zagaya ɗakin, wannan ya miƙa wa wancan, har masu goyo suka daina jijjiga, har wani tsohon ɗan albasa ya ɗaga tafukansa yana amsawa a hankali ba tare da ya san yana yi ba. Ita kuwa ta koma shekara goma sha biyu, taɓarya na sama, hannuwanta a sake.

Suka iso sautin ƙarshe suka riƙe. Yatsan ya miƙe. Ta jira ya faɗi.

Bai faɗi ba.

Masu siririyar murya suka fara rawa. Jijiyar wuyan Shef Agosu ta fito kamar igiyar guga. Sabuwa ta taka mata ƙafa. Yatsan na nan tsaye. Numfashin Habsatou, da hayaƙin shekara ashirin bai kashe ba, shi ma ya kusa ƙarewa. Ta rasa yadda za ta yi, ta ɗaga ido, karon farko tun ranar ɗaurin aure, ta dubi fuskar surukinta.

Idonsa a rufe yake. Sandar na sama, kansa a karkace wajenta, kunnen hagu a gaba. Jiran ta yake yi. Sai a lokacin ta gane abin da yatsan ke bi tun farko: ba sanda ba, ba takarda ba, muryarta. A wurin koyo ita kan gaji ta ɗan sassauta, ya ji, yatsa ya faɗi, ita kuma ta ce yatsa ne ya sallame ta. Yau daɗi ya hana ta sassautawa, sai suka tsaya kowa na ba ɗan'uwansa hanya, mutum talatin na shirin suma a tsakaninsu.

Ta rufe baki. Yatsa ya faɗi, sanda ta faɗi, ɗakin ya ɗauke.

Tafin ya daɗe har ladanin masallacin kasuwa ya fara gyaran murya. Wani baƙo daga Gaya ya ce bai taɓa jin an riƙe sauti haka ba, lalle an sha koyo. Shef Agosu na zaune a kan akwatin jagora, ana yi masa fifita da takardar waƙa. Da ya samu numfashi ya nuna Habsatou da yatsa.

"Na gani da idona. Mama ta duba."

"Ta duba, Shef," in ji Sabuwa. "Sau guda. Ka rubuta, ba a ƙarawa."

"Doka ta cika," ya ce. "Laraba kowa ya zo da wuri."

Abdurazak na gefe, takalma a hannu, Rauda na yi masa dariya cikin mayafi. Bai san an dube shi ba, idonsa a rufe yake, ba kuma wanda ya gaya masa abin da aka gani. Habsatou ta riƙe wannan ita kaɗai, kamar yadda ta riƙe zancen ruwan sha. Ta ɗauki takardarta, ta nufi ƙofa, ta tsaya daidai inda yake tana kallon titi.

"Sabuwa."

"Na'am, tsohuwa."

"Ki ce ma mai sanda an gode. Ki ce kuma shi yanke akaihwa kahin Laraba. Ni ka kallon ta."